Karayar ƙugu: abin da ya sa likita ke cewa a jira wata uku kafin a gyara hanyar fitsari

A makon nan na jingine batun da na yi niyya, saboda wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko daga Agege a Legas, wanda na ga bai kamata ya kwana biyu ba amsa ba. Ga abin da ta ce, na ɗan taƙaita shi:

"Likita, maigidana ne ya faɗo daga kan tirelar shanu, taya ta matse shi a ƙugu. Yau wata biyu ke nan. Ƙashin ya fara kamawa, har yana ɗan takawa da sanda. Amma har yanzu roba ce a mararsa yake fitsari da ita, kuma an ɓula masa ciki ta gefen hagu, nan bayan gida ke fitowa cikin leda. Likitoci sun ce ba za su gyara hanyar fitsarin ba sai ya cika aƙalla wata uku. 'Yan'uwansa sun ce ja mana rai ake yi don a ci kuɗinmu, suna so a cire robar a mayar da shi gida Arewa wajen mai magani. Ni kuma na rasa wanda zan bi. Don Allah mene ne gaskiya?"

Malama, Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan jinyar da kike yi. Amsar a taƙaice ita ce: kada ki yarda a cire robar nan, kuma likitocin ba ja muku rai suke yi ba. Ban ga maigidanki ba, ban ga hotunansa ba, amma abin da kika bayyana shi ne tsarin da ake bi a manyan asibitocin duniya ga irin wannan rauni. Bari in yi bayani yadda za ki iya karanta wa 'yan'uwan nasa su ma su ji.

Ƙashin ƙugu kamar zobe yake, ko in ce kamar kwarya marar gindi. Manyan ƙasusuwa biyu ne, dama da hagu, sun haɗu ta gaba a ƙasan mara, ta baya kuma sun kama ƙarshen ƙashin baya. A cikin wannan kwarya mafitsara take zaune, da dubura, wato ƙarshen babban hanji, da mahaifa ga mace, da manyan jijiyoyin jini masu gangarawa ƙafafu. Ƙashi ne mai ƙarfin gaske. In ban da tsofaffi da ƙashinsu ya yi laushi, ba ya karyewa sai da babban bugu: mota ta take mutum, ko acaɓa ya yi karo da babbar mota, ko bango ya faɗo, ko birkila ya rikito daga bene. Mu da mutanenmu ke hawa saman tirela tare da shanu ko buhunan albasa daga Arewa zuwa Mile 12 da Bodija, wannan karaya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Tirela in ta kwanta a hanyar Lakwaja ko ta Legas zuwa Ibadan, na saman kaya ne ke komawa ƙasan kaya.

Bututun fitsarin namiji ya kai tsawon santimita 20. Yana tashi daga mafitsara, ya ratsa ta cikin furostet, sannan ya bi ta wani shimfiɗaɗɗen nama da ya rufe ƙasan ƙugu, kafin ya shiga mazakuta. A daidai wannan mashiga bututun a ɗaure yake, ba ya motsi. Ita kuwa furostet tana liƙe da ƙashin gaba. To idan zoben ya dare, ƙashin sai ya fizgi furostet da mafitsara su yi sama, kashin bututun na ƙasa kuma yana nan inda yake. Abin da ke faruwa da tiyo idan an ja shi ta gefe biyu shi ke faruwa a nan: ko ya miƙe, ko ya yage gefe guda, ko ya tsinke gaba ɗaya. A ƙiyasin likitoci, cikin maza goma da ƙugunsu ya karye, kimanin ɗaya ne ke samun wannan rauni. Ga mata ya fi ƙaranci, don bututunsu gajere ne, bai wuce santimita 4 ba, kuma ba a ɗaure yake haka ba. Amma idan ya same su yakan zo da yagewar farji, kuma su ba a cika jinkirta musu ɗinki ba.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Za a ga jini a bakin mazakuta, mutum yana jin fitsari ya matse shi amma ko ɗigo ya ƙi fita, mara ta kumbura, maraina da matsematsi su yi suntum su yi baƙi saboda jinin da ya kwanta. Duk wanda ya ga waɗannan ga wanda ya yi hatsari, to kada ya matsa masa ya yi yunƙurin fitsari. Kuma ina roƙon abokan aikinmu na ƙananan asibitoci da masu kemis: kada a yi ta cusa roba ana fitarwa ana mayarwa. Ƙwararre na iya gwadawa sau ɗaya a hankali, in ta ƙi sai ya haƙura. Wanda bai saba ba, sai ya mayar da ƙaramar yaga ta zama tsinkewa, ya kuma tura ƙwayoyin cuta cikin jinin da ya taru.

Sai dai a ranar farko ba fitsari ne ke kisa ba, jini ne. Jinin babban mutum duka bai wuce lita 5 ba, ƙugun da ya buɗe kuwa zai iya shanye lita 2 ko fiye, ba tare da an ga ko ɗigo a ƙasa ba. Shi ya sa za ka ga mutum ana hira da shi a bakin titi, kafin a isa asibiti ya yi fari fat, gumi na karyo masa, daga nan sai a ce rai ya yi halinsa. Akwai abu guda da kowa zai iya yi, kuma yana ceton rai. A samu zani ko babban gyale ko zanin gado, a ninka shi da faɗi, a zagaye ƙugun da shi a ɗaure tamau. Wurin ɗaurin shi ne muhimmi: daidai inda ƙashin cinya ya turo ta gefe, wajen aljihun wando, kada a kai shi sama wajen cibiya. A haɗe gwiwoyi da idon sawu su ma a ɗaure, a ɗauke shi a kwance a kan ƙyaure ko katako. Ɗaurin yana matse kwaryar, jinin ya rasa wurin taruwa. Kada a zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu, kada a ce ya tashi a gani ko zai iya takawa, kada a ba shi ruwa ko abinci don wataƙila tiyata za a shiga da shi. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, akwai kuma 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da yake duk mun san tsakanin abin da ke takarda da abin da ke faruwa a bakin ƙofa akwai tafiya. A nemi babban asibiti mai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini kai tsaye, domin akwai allurar rage zubar jini da amfaninta ke cikin awa uku na farko.

Idan jini ya tsaya, sai a juyo kan fitsari. Ana ɗura wani ruwa da ke fitowa a hoto ta bakin mazakuta, a ɗauki hoto. In ruwan ya wuce har mafitsara yana ɗan tsiyaya a gefe, yaga ce. In ya watse gaba ɗaya bai kai ba, bututun ya tsinke. Daga nan sai a huda ƙasan mara a sa roba kai tsaye cikin mafitsara. Ita ce robar da ke jikin maigidanki, Malama, kuma a halin yanzu ita kaɗai ce ƙofar da fitsarinsa ke da ita. In aka cire ta, hudar za ta iya toshewa cikin 'yan awoyi. Fitsari zai taru ya rasa mafita, ya koma ya danne ƙoda, ko ya tsiyaya cikin naman ƙugu ya ruɓar da shi. Babu jiƙo ko saiwar da za ta haɗa bututun da bakinsa biyu suka rabu, tabo ya cike tsakaninsu. Ba raina masu maganin gida nake yi ba, na san akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Amma wannan aiki yana can cikin jiki, inda hannu da kara ba sa kaiwa.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun 'yan'uwansa: me ya sa ba a ɗinke tun ranar ba? Likitocin da suka gabace mu sun gwada haka, kuma sun ga abin da ya biyo baya. A kwanakin farko wurin cike yake da gudan jini, wanda shi ne ya danne jijiyoyin da suka fashe. Mai tiyata in ya buɗe, sai ya tayar da zubar jinin da aka sha wahala kafin a tsayar. Naman ya kumbura ya yi laushi, ɗinki ba ya kama shi. Ga kuma siraran jijiyoyin da ke tayar da gaba da naman da ke riƙe fitsari, duk suna kwance a wurin, ba a ganinsu sosai cikin jini. An lura cewa waɗanda aka yi wa irin wannan gaggawa sun fi fama da yoyon fitsari da mutuwar gaba da sake toshewa. Amma in aka bar shi wata uku, wani lokaci har zuwa shida, jinin yakan narke, furostet da ta yi sama ta sauko kusa da mazauninta, tazarar ta ragu, tabon ya nuna iyakarsa. Akwai kuma wani dalili da mutane ba su sani ba: aikin ana yin sa ne mutum na kwance rigingine, an ɗaga ƙafafunsa an ware su na tsawon awoyi. Ƙugun da bai gama warkewa ba ba zai ɗauki wannan kwanciya ba.

Gaskiya akwai wata hanya ta biyu. A wasu asibitoci masu kayan aiki, cikin makon farko ko na biyu, ana zura na'urar hangen ciki ta sama da ta ƙasa a laluɓo bakin bututun biyu, a ratsa roba ta tsakaninsu don su warke a saitin juna. Wasu likitoci na son ta, wasu na ganin yawancin masu cikakkiyar tsinkewa daga baya sai sun toshe an dawo an yi babban aikin. Ni ina ganin wanda aka sa wa robar mara aka ce ya jira, ba a tauye shi da komai ba. Kuma akwai yanayin da ba a jira: idan wuyan mafitsara ya yage, ko dubura ta fashe, dole a shiga da wuri a gyara waɗannan.

Shi babban aikin, ta matsematsi ake yin sa, tsakanin maraina da dubura. Mai tiyata zai yanke tabon ya fitar da shi duka, ya samo lafiyayyen baki ta sama da ta ƙasa, ya ɗinke su a kan roba. In tazarar ta yi yawa akwai dabarun rage nisa, har da ɗan sassaƙe ƙasan ƙashin gaba don bututun ya samu gajeriyar hanya. Robar kan zauna mako uku zuwa huɗu, a sake hoto, in ba tsiyaya a cire. A hannun wanda ya ƙware, cikin mutum goma takwas zuwa tara kan koma fitsari ta hanyar da Allah Ya halitta. Ku lura da kalmar "ƙware". Aikin farko shi ne ya fi kowane damar yin nasara, duk wanda ya biyo bayansa ya fi shi wuya. Don haka ki tambayi likitanku, ba kunya ba tsoro, ko akwai likitan mafitsara da ya saba yin irin wannan aiki a wurinsu, in babu ya rubuta muku takarda zuwa asibitin koyarwa. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Haka kuma in wani ya ce zai riƙa buɗa hanyar da ƙarfe duk wata, a yi hattara. Buɗawa na iya taimakon ɗan ƙaramin ƙunci, amma bututun da ya tsinke ba ya haɗuwa da ita, sai dai a yi ta ƙara tabo, wani lokaci ma ƙarfen ya ɓula wata hanya ta daban.

Mu koma kan ledar da ke gefen cikinsa, wadda na san ita ta fi ci muku tuwo a ƙwarya. Raunin dubura a karayar ƙugu bai kai na bututun fitsari yawa ba, amma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Tsinin ƙashin da ya karye ne ke huda hanjin, ko kuma matsewar ta yage naman tun daga matsematsi har ciki. Da zarar haka ta faru, bayan gida ya samu hanyar shiga cikin karayar da jinin da ya kwanta, kuma babu abincin da ƙwayoyin cuta ke so irin wannan. Wanda ya tsira daga zubar jini a ranar farko, ruɓewar ciki na iya ɗauke shi a mako na biyu. Shi ya sa likita ke sa yatsa a duburar wanda ya yi hatsari, abin da majinyata da yawa ke jin haushi. Jini yake nema a jikin safar hannu. In ya gani, sai a leƙa da na'ura a ga inda ramin yake.

Maganin shi ne a kawar da bayan gida daga wurin ciwon har ya warke. Ana ɗauko wani sashe na babban hanji a fito da bakinsa ta fatar ciki, shi ne likitoci ke kira kolostomi. Wannan darasi ne da likitocin soja suka koya tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka ga yadda yake rage mutuwar sojojin da aka harba a hanji. Tare da shi ana wanke ciwon, a yanke mataccen nama, wani lokaci a koma ɗakin tiyata sau biyu ko uku, a ɗinke ramin in ana iya kai masa, a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Ga mafi yawan masu irin wannan rauni kolostomi na wucin gadi ne. Bayan 'yan watanni ana ɗaukar hoto a tabbatar ramin ya rufe, a duba ko naman da ke riƙe bayan gida yana aiki, sannan a mayar da hanjin ciki.

Da yake maigidanki ya samu raunukan biyu a tare, akwai abin da nake so ku sa wa ido. Bututun fitsari da dubura maƙwabta ne, ɗan siririn nama ne ya raba su. Wani lokaci ramukan biyu kan haɗe su zama hanya guda. Alamarta ita ce fitsari ya riƙa fitowa ta dubura, ko a ga iska ko ɓurɓushin bayan gida a cikin robar fitsari. In kun ga haka ku sanar da likita, domin yana sauya tsarin aikin. A irin wannan hali sai an fara gyara bututun, an toshe hanyar, sau da yawa a ɗauko wata tsoka daga cikin cinya a shimfiɗa tsakani, kuma kolostomi shi ne na ƙarshen rufewa. Amma in majina ce kawai ke ɗan fitowa ta dubura lokaci-lokaci, wannan ba komai ba ne, hanjin da ya rage a ƙasa ne ke aikinsa.

Kafin lokacin aikin ya zo, jinyar gida tana hannunki. Robar mara ana canza ta a asibiti, yawanci duk wata, ko yadda likita ya tsara bisa irin robar. In ta daɗe ba canji, tsakuwa na taruwa a kanta ta toshe. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mara kullum, kada ta yi sama fitsarin ya koma. Ya sha ruwa sosai har fitsarin ya yi haske. A wanke bakin hudar da ruwa mai tsabta da sabulu, ban da toka ko man gargajiya. In robar ta zame ta fita, ko awoyi suka wuce ba fitsari a jaka mara kuma na ciwo, ko zazzaɓi mai karkarwa ya zo, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Ita kuma jakar bayan gida, na san tsadarta, na kuma san da yawa leda suke ɗaurawa saboda ba hali. A dai kula da fatar wurin: a wanke, a bari ta bushe, a shafa man kariya mai sinadarin zinki, a zubar da abin da ke ciki kafin ya wuce rabi. Bakin hanjin ja ne jawur kamar cikin baki, haka ya kamata ya kasance. In ya yi baƙi ko shuɗi, wannan na gaggawa ne. Ku ba shi ƙwai, wake, kifi, nama da nono gwargwadon iko, don da su jiki ke gina sabon nama. In yana shan taba ya ajiye, tana hana ƙashi da ɗinki kamawa.

Na sha ganin masu irin wannan lalura sun daina sallah, ko sun ƙaurace wa jama'a, suna ganin kullum cikin najasa suke. Malamai sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari da makamantansa tun da daɗewa, kuma akwai sauƙi a ciki. Ya samu malamin da ya yarda da shi ya tambaya. Batun azumi kuwa a haɗa da shawarar likita, saboda buƙatar shan ruwa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na san yana ranku ku biyu. Kimanin ɗaya cikin uku na mazan da bututunsu ya tsinke ta wannan hanya kan samu raunin gaba. Hatsarin ne ke jawo shi tun ranar farko, saboda jijiyoyin da suka bugu, ba robar ba ce, kuma ba sammu ba ne. Wasu yana dawo musu a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu da taimakon magani, kuma akwai matakan da ke gaba da magani in ya ƙi. Kada ya je ya sayi maganin ƙarfin maza a tasha. Ya faɗa wa likitan mafitsara tun kafin a yi aikin, don a rubuta halin da yake ciki. Maza da yawa ba za su iya buɗe baki su faɗa ba, sai matar ta taya su, ko ta nemi ganin likita tare da shi.

Game da 'yan'uwansa, shawarata ita ce ki nemi babba a cikinsu, wanda ake jin maganarsa, ya raka ku asibiti ranar canjin roba. Ki roƙi likita ya ɗaga masa hoton nan na bututun ya gani da idonsa inda ruwan ya tsaya da tazarar da ke tsakani. In kuma kuɗin zaman Legas ne ya gagara, komawa Arewa ba laifi ba ne, akwai asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da ke da likitocin mafitsara. Sai dai a tafi da robar a jikinsa, da takardar bayanin aikin da aka yi masa, da dukan hotunansa, kuma a san ranar da za a canza robar ta gaba da inda za a canza ta tun kafin a hau mota.